Minti Goma Sha Ɗaya na Cedric Ramsden

Kullum da safe, kafin ya taɓa shayinsa, Selwyn Garside sai ya jawo jarida ya buɗe ta daga baya, wajen da ake jera waɗanda suka mutu. Labarin gwamnati bai dame shi ba, na yaƙi ma haka. Zai ɗora gilashin ƙara girman rubutu a kan shafin, ya bi sunaye da yatsa ɗaya bayan ɗaya, yana neman suna guda tak. Shekarunsa casa'in da huɗu, kuma ya fi shekara ashirin yana wannan aikin bai yi fashi ba.

"Yau su wa muka samu?" in ji 'yarsa Glenda daga bakin murhu. Ita ma ta ba sittin baya, amma har yau "yarinya" yake ce mata.

"Wata 'yar fim, shekara ɗari da ɗaya. Wannan da ta yi aure biyar, taba ba ta barin bakinta. Sai wani tsohon minista, casa'in da takwas. Ki duba fa, yarinya, duk 'yan iskan duniya ba sa mutuwa da wuri. Uwarki da ba ta taɓa zagin ko kare ba, tana sittin da ɗaya ta tafi."

"Shi fa mutumin naka?"

"Yana nan daram, kamar ciwon baya."

Mutumin nasa shi ne Cedric Ramsden, kuma duk garin Calderby babu wanda bai san abin da ke tsakaninsu ba. Tare suka yi wa lardinsu wasan kurket, wasan dukan ƙwallo da sanda, su ne biyun da ke fara shiga fili da sanda. Wata rana a tsakiyar bazara, shekara sittin da bakwai ke nan, masu zaɓen 'yan wasan Ingila suka zo kallo, gurbi ɗaya suke so su cike. Selwyn ya wuni yana duka har ya tara maki casa'in da tara, saura ɗaya ya cika ɗari a rubuta sunansa da ruwan zinari a allon zauren ƙungiya. Ya taɓa ƙwallo ta zille ta bayansa. A kurket, in ka doki ƙwallo, sai kai da abokinka kun ruga kun yi musayar wuri kafin a dawo da ita ake samun maki. In ƙwallo ta bi bayanka ba ka ganinta, abokinka da ke ɗaya bakin filin shi ne idonka, shi zai ce ka taho ko ka tsaya. Cedric ya daka tsawa, "Taho!" Selwyn ya zuba a guje. Sai da ya kai tsakiya ya ga Cedric ya juya ya koma wurinsa ya kafa sanda a ƙasa, yana kallon sama kamar mai duban hadari. Kafin ya koma nasa wurin an dawo da ƙwallo, aka fitar da Selwyn a gaban mutum dubu goma sha biyu.

Cedric aka ɗauka. Ya yi wa Ingila wasa sau ashirin da wani abu, ya koma rediyo ya yi shekara talatin yana sharhi, aka rataya masa lambar girma. Selwyn kuwa ya ƙara shekara uku a lardi, daga nan ya buɗe shagon takalman wasa a bayan tashar jirgi.

Da abin ya tsaya nan, da wataƙila ya huce. Amma Cedric ya mayar da labarin abin ba da dariya. A duk liyafar da aka gayyace shi sai ya miƙe ya kwaikwayi gudun Selwyn, yana cewa, "Allah sarki Selwyn namu, ƙaiƙayin ƙafa ne da shi. Ban ce masa uffan ba, sai ganinsa na yi a gabana kamar an biyo shi da kare." Manyan mutane su yi ta dariya har da buga tebur. A littattafai ma haka aka rubuta, domin shi ne mai baki a rediyo, wancan kuwa mai gwada wa yara takalmi ne.

Su goma sha ɗaya ne a waccan ƙungiyar. Al'adar gidan rediyon lardi ce, duk ranar da tsohon ɗan wasa ya mutu sai a nemi wanda suka yi zamani tare ya faɗi wani abu a kansa. Wa za a nema in ba Cedric ba? Mutum takwas ya raka da bakinsa, kuma bakin nan zuma ne, ga zaƙi ga harbi. A kan na fari ya ce bai taɓa bari rashin basira ya hana shi ƙoƙari ba. A kan wani kuma ya ce mutum ne mai son iyali, shi ya sa ya ajiye gida biyu. Matan mamatan su yi ta kuka, mutanen gari su yi ta cewa ai Cedric akwai iya magana.

Selwyn ya daɗe da gane lissafin. Wanda ya rage a raye shi ke da labari. In ya riga Cedric mutuwa, Cedric zai binne shi da dariya, jikokinsa su gaji ƙaryar nan har abada. In kuwa Cedric ya riga shi, dole rediyo ta zo ƙofarsa, don babu sauran wanda za a tambaya. Saboda haka ya bar giya, ya bar naman alade, ya bar sukari. Kullum sai ya zagaya filin shaƙatawa sau biyu da sandarsa, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Likita ya ce bai taɓa ganin tsoho mai son rai irinsa ba. Ba son rai ba ne. Duniya ta daɗe da fita ransa, ƙiyayya ce kawai ke tashinsa da safe, kuma shi ma ya san haka.

A watan Oktoba mutum na tara ya mutu, Dougie Platt, wanda ke tsaron baya a zamaninsu. Aka kawo gawarsa filin wasa don ban kwana. 'Yan wasan yanzu suka yi sahu biyu, suka ɗaga sanduna suka haɗa kawunansu a sama don akwatin ya bi ta ƙarƙashi. Wani mai shisshigi daga cikin shugabannin ƙungiya ya ga ai zai yi kyau a hoto a sa tsofaffin biyu da suka rage a farkon sahu. Aka turo Cedric a keken guragu, an lulluɓe masa ƙafafu da bargo, lambar girmansa na ƙyalli a ƙirji. Aka danƙa wa kowa sanda. Karo na farko ke nan cikin shekara sittin da bakwai da sandunansu suka haɗu.

"A'a, Selwyn, kana nan ashe?" in ji Cedric ƙasa-ƙasa, yana murmushi don masu hoto. "Na ɗauka kai ne a cikin akwatin. Kun yi kama yanzu."

"Riƙe sandarka da kyau, tsohon banza, hannunka na rawa."

"Casa'in da shida ke nan, yaro, dole ya yi rawa. Jiya ma kwalba biyu na sha da ƙaton tsiren alade. An ce kai kunun hatsi kake sha ba sukari. Wai da gaske ne? Duk don ni?"

"Ina jiranka ne."

"Ai jira ba halinka ba ne. Da ka iya jira da sunanka na kan allo."

Akwatin ya zo wucewa. Da ba don idon mutane ba, da Selwyn ya sauke sandar nan a tsakiyar farin kan Cedric, ko da a gidan yari zai ƙarasa kwanakinsa. Da aka wuce, Cedric ya miƙa wa mai jinyarsa sandar, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, "Allah ya bar mu tare, abokina!" Mutane suka ce kai, zumuncin 'yan da ba irin na yanzu ba ne.

A mota Glenda ta ce, "Baba, don Allah ba za ka bar wannan abin ba? Ko jikanka da aka haifa ranar Kirsimeti ba ka yi murna da shi kamar yadda kake murna in an ce Cedric na tari ba."

"Tuƙa mota, yarinya. Rana dubu ta ɓarawo."

Ranar mai kayan ta zo a watan Fabrairu, kuma ba a jarida ya gani ba. Waya aka bugo da hantsi. Glenda ta ɗauka, ta saurara, ta ajiye, ta dube shi ta ce, "Ya tafi. A barci, bayan ya ci ya ƙoshi."

Selwyn bai ce Allah ya jiƙansa ba. Ya ɗora hannu biyu a kan sandarsa ya yi wata dariya da Glenda ba ta taɓa ji ba, har sai da tari ya sarƙe shi. Da ya samu numfashi ya ce, "Ɗauko mini rigar ƙungiya da laktayi. Ki goge su. Baƙi za mu yi."

Bai yi ƙarya ba. Kafin azahar wata mata daga gidan rediyo ta ƙwanƙwasa ƙofa. Philippa Thackray sunanta, doguwa ce mai furfura, ita ke kula da shirin mamata. Ta ƙi shayi, ta kafa na'urarta a kan teburin cin abinci.

"Da wuri haka?" in ji Selwyn. "Ko gawar ba ta yi sanyi ba."

"Ai mu ba ma jiran mutuwa ta same mu ba shiri, Mista Garside. Duk wani sananne da ya haura tamanin muna haɗa masa nasa mu ajiye. Na Mista Ramsden ya fi shekara goma a ajiye, sau uku ina sabunta shi. Wanda ya fara haɗa shi ma ya riga shi mutuwa. Muryarka kawai ta rage, ƙarfe biyar za mu sa."

Abin ya yi wa Selwyn daɗi ƙwarai, wai Cedric na ta yawo da lambar girma alhali an nannaɗe shi an ajiye a kan kanta. Ya gyara zama, ya gyara laktayi. Maganar da zai yi ya daɗe da haddace ta, a filin shaƙatawa yake bitar ta.

"Ni ne Selwyn Garside," ya fara. "Ni kaɗai na rage a cikin goma sha ɗayan nan, don haka ku buɗe kunne. Cedric Ramsden maƙaryaci ne. Da bakinsa ya ce in taho, na ji, alƙalin wasa ya ji, Dougie Platt ma daga zaure ya ji. Ya ga masu zaɓe sun zo, ya ga na fi shi, ya sayar da ni a tsakiyar fili. Sa'annan ya yi shekara sittin da bakwai yana cin abinci da sunana. Mutum tara ya bi da baƙar magana bayan sun mutu, don ya san ba za su tashi su rama ba. Matsoraci ne a fili, matsoraci ne a rediyo. In kun ga ana kuka a jana'izarsa, to albasa aka yanka."

Glenda ta rufe fuska da hannu. Philippa ta kashe na'ura, ta dube shi ta saman tabarau.

"Ka tabbata haka kake so a sa? Za mu iya sake ɗauka. Mutane kan yi da-na-sani."

"Ki sa shi yadda yake. In kika yanke ko kalma ɗaya sai na zo har ofishinku."

"Shi ke nan, Mista Garside. Bakinka ne."

Ƙarfe biyar saura kwata ya riga ya zauna kusa da rediyo, har yanzu da laktayinsa. Aka yi ta yabon Cedric, aka sa tsohuwar muryarsa yana sharhi, wani mai sarauta ya yi nasa surutun. Sa'annan aka sako Selwyn. Philippa ta cika alkawari, ko tarin da ya yi a tsakiya ba ta cire ba. Ya lumshe ido yana jin kansa yana cewa "maƙaryaci", ya san a wannan lokacin ana ji a kowane kicin, a kowace mota, a kowace mashaya ta lardin. Rabonsa da jin daɗi irin wannan tun kafin ya buga waccan ƙwallon.

Sai mai gabatarwa ya dawo. "Wannan shi ne Selwyn Garside, na ƙarshen 'yan waccan ƙungiya. Masu sauraro za su so su sani cewa shekara huɗu da suka wuce marigayi Cedric Ramsden ya zauna da mu ya yi magana a kan Mista Garside, ya ce akwai abin da bai taɓa faɗa ba game da waccan rana. Maganar na nan a ajiye. Bisa sharaɗinsa, ba za mu sa ba sai ranar da lokacinta ya yi. Yanzu ga rahoton yanayi."

Murna ta koma ciki. Selwyn ya juya ya kalli Glenda. "Me ya ce? Wane lokaci?"

"Ka ji shi sarai, Baba."

Washegari tun ƙarfe tara ya sa ta bugo masa Philippa. Bai ko gaishe ta ba.

"Ke! Wa ya ba ki izinin haɗa mini shirin mutuwa?"

"Ina kwana, Mista Garside. Ai jiya na gaya maka, duk wanda ya haura tamanin. Kai ma sananne ne, ko ba ka so?"

"Me ya sa ba ki faɗa mini ya yi magana ba?"

"Ai na ba ka dama ka sake ɗauka. Fiye da haka ba ni da hurumi. Shi ya ce kada a sanar sai bayan an sa naka."

"Ashe ya san abin da zan ce."

"Ya ce zai yi mamaki in ba ka sa laktayi ba."

"To sa mini in ji. Yanzu, ta wayar nan."

"Ba zai yiwu ba. Da hannunsa ya sa a takarda."

"Zagina ya yi? Ko amsa laifinsa ya yi?"

"Minti goma sha ɗaya ne. Abin da zan iya faɗa maka ke nan. Sauran tara ɗin, babu wanda ya ba fiye da minti biyu."

"To ki dawo da na'urarki in ba shi amsa!"

"Amsar me, Mista Garside? Ai ba ka ji tambayar ba."

Ya kife wayar. Wanda ya riga ka barci, dole ya riga ka tashi. Duk kunun da ya sha ba sukari, duk zagayen da ya yi cikin ƙanƙara, ashe tsohon munafukin nan ya gama da shi tun shekara huɗu, yana zaune a ɗaki mai ɗumi, wataƙila ma da kofin giya a hannu.

Abin da ya fi cinsa shi ne rashin sani. In Cedric ya sake kwaikwayon gudunsa ne, to da dariya za a raka shi, kuma babu bakin ramawa. In kuwa ya amsa laifi ne, ya yi ta yabonsa da muryar nan tasa mai sa mata hawaye, to abin ya fi muni. Za a ce dubi dattijon kirki ya nemi gafara tun yana raye, ga kuma tsohon da ya zage shi ranar da ya mutu. Ta kowace fuska Cedric ne zai fita da farin jini. Ya juya lissafin nan gaba da baya har kansa ya yi ciwo, bai ga ƙofa ba.

Garin kuma ya ɗauka. Wasu sun ce Selwyn ya yi rashin mutunci, wasu sun ce gara da ya fasa ƙwai, amma kowa ya haɗu a kan abu ɗaya, suna so su ji minti goma sha ɗayan nan. Mutanen da suka yi shekaru ba su ce masa sannu ba suka fara tare shi a hanya. Mai sayar da jarida ya riƙe hannunsa ya ce, "Yaya ƙarfin jiki, Mista Garside? Na ga kamar ka ɗan faɗa." Matar da ke maƙwabtaka da su ta kawo miya ba a roƙe ta ba, ta tsaya tana ƙare masa kallo daga kai har ƙafa. A mashaya aka ce har gardama ake yi ko zai ga bazara. Selwyn ya san irin wannan kallon, don shi ma ya yi shekara ashirin yana yi wa wani. Ya daina zuwa filin shaƙatawa.

Ranar da aka binne Cedric bai je ba. Glenda ce ta je, ta dawo da yamma ta same shi a kujera, ko labule bai buɗe ba. Ta cire hularta ta rataye, ta ɗora ruwan shayi.

"An cika?" ya tambaya.

"Har waje. Rabinsu kai suke tambaya."

"Ungulaye." Ya murza kan sandarsa. Da ya sake magana muryar ta yi ƙasa, ba irin wadda ta saba ji ba. "Glenda. In ranar ta zo, ki kashe rediyon gidan nan. Ki gaya wa yaranki su ma su kashe. Duk duniya ta ji, ban da jinina. Ki yi mini alkawari."

Ta zuba ruwa a buta, ta rufe, ta ɗauko kofi biyu ta ajiye. Sai da ta gama sannan ta juyo.

"A'a, Baba. Zan saurara."

"Ke ma?"

"Tun ina goye nake jin wannan labarin. Da shi aka yaye ni, da shi aka ci abincin aurena, ranar da muka binne Mama ma shi ka ba limamin coci a bakin kabari. Shekara sittin da shida ina jin ɓangarenka." Ta tura masa kofinsa. "Minti goma sha ɗaya ba zai kashe ni ba. Ina so in ji ko ya ce ka taho."